Sana'ar Gashin Biskit a Amurka: Gwaninta a Sauƙin Hannu

A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ranar da Amurkawa ke bikin godiya da suke kira Thanksgiving, biskit ne abu na ƙarshe da ke shiga obin. Talotalo ya riga ya kwashe awa uku ko huɗu yana gasuwa a wuta mai sauƙi, an fito da shi an ajiye ya ɗan huta kafin a yanka. A wannan ɗan tsakanin, wanda bai fi rabin awa ba, mai girki za ta ƙara wuta, ta ciro faranti daga firji, ta tura ciki. Kafin baƙi su gama zama, biskit ya tashi, samansa ya yi ja, an kawo shi tebur yana tururi. In ya huce kafin a ci, rabin daɗinsa ya tafi. Shi ya sa mai girkin da ta san aikinta take tsara lokacin sauran abinci da shi a ranta.

Wannan biskit daban yake da busasshen nan mai garas-garas da ake sayarwa cikin leda a shagunanmu. Na Amurka ɗan burodi ne mai laushi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, tsayinsa yakan kai yatsu biyu zuwa uku a jere. Bayansa da ɗan ɓawo, cikinsa kuwa hawa-hawa, ana ɓare shi da yatsu ba sai an nemi wuƙa ba. Ba a sa masa yis, ba a jira ya kumbura, sukari ma in an sa ɗan kaɗan ne. Kayan haɗinsa biyar ne: fulawa, mai, nono mai tsami, gishiri, da garin da ke tayar da kwaɓi. Babu wanda ya fi ƙarfin talaka a cikinsu. Amma a ba mata biyu awo ɗaya, kwano ɗaya, obin ɗaya, sai na wannan ya tashi yana rabewa da kansa, na waccan ya kwanta ya yi tauri. Bambancin a hannu yake, kuma mafi yawansa sanin lokacin da za a daina taɓa kwaɓin ne.

Zamanin dukan kwaɓi

Da can ba haka aikin yake ba. A jihohin Maryland da Virginia da Kentucky, kafin garin tayar da kwaɓi ya wadata, duka ne hanyar shigar wa biskit iska. Akan kwaɓa fulawa da kitse da ruwa ko madara, kwaɓi mai tauri, a ɗora a kan kututture, a yi ta jibga da gudumar icce ko ƙotar gatari. A ninke a sake jibga, rabin awa ko fiye, har fatar kwaɓin ta yi santsi ta fara fitar da ƙananan bororo. Sannan a yanka, a huhhuda saman da cokali mai yatsu, a gasa. Abin da ke fitowa ɗan farin biskit ne mai ƙarfi, mai jure kwanaki bai lalace ba. A gidajen masu manyan gandaye na kudu, uwargida ba ta wannan duka. Bayi baƙar fata ne ke tashi tun da duhu su yi shi, domin a same shi a tebur da hantsi. Gidan da ake cin irin wannan biskit kullum, kowa ya san akwai waɗanda ake mora a bayan gida.

Daga cikin waɗanda suka fito daga wannan rayuwa akwai Abby Fisher. An haife ta cikin bauta a South Carolina, ta zauna a Alabama, daga baya ta koma San Francisco inda ta yi suna da sana'ar abinci. Ba ta iya karatu da rubutu ba, faɗa ta yi aka rubuta mata, littafinta What Mrs. Fisher Knows About Old Southern Cooking ya fito a 1881. Yana cikin littattafan girki na farko-farko da baƙar fata suka wallafa a Amurka, kuma biskit ɗin duka irin na Maryland yana cikin abin da ta koyar a ciki. Kafin ita da 'yan shekaru, a 1875, wani baƙar fata mai girkin bukukuwa a Philadelphia, Alexander Ashbourne, ya yi rajistar mallakar wata na'urar yanka biskit da ya ƙirƙiro, wadda ke fitar da su girma ɗaya, siffa ɗaya.

Ita kanta fulawar tsada gare ta a wancan zamani. Talakan kudu, baƙi da fari, burodin masara ne cimarsa ta kullum, biskit kuwa sai ranar Lahadi ko ranar da aka yi baƙo. Bayan yaƙin basasar ƙasar ya ƙare a 1865, manyan injinan niƙa na Minneapolis suka bunƙasa, jiragen ƙasa suka riƙa kai fulawa lungu-lungu, murhun ƙarfe mai obin ya shiga gidaje. Daga nan biskit ya sauko daga teburin masu hali ya zama karin kumallon ma'aikacin gona da na ma'adinai.

Garin da ya sauke guduma

Ilimin haɗa sinadarai ne ya raba masu girki da duka. Tun a 1796 littafin American Cookery na Amelia Simmons ya ambaci wani farin gishiri da ake samu daga tokar icce, ana sa shi don kwaɓi ya tashi. Asalinsa ɗaya da ruwan tokar da ake tacewa a gidajenmu. Yana aiki, sai dai in ya yi yawa abinci yakan yi ɗanɗanon sabulu. A 1843 Alfred Bird na Ingila ya haɗa bekin foda saboda matarsa ba ta jituwa da yis. A 1845 Henry Jones, wani mai gidan burodi a Bristol, ya yi rajistar fulawa mai tashi da kanta, wadda aka riga aka cakuɗa da garin tashi. A 1846 Austin Church da John Dwight suka fara sarrafa bekin soda a New York, kamfaninsu ne ke da tambarin Arm & Hammer a yau. A 1856 kuma Eben Horsford, malami a Jami'ar Harvard, ya samo wani busasshen sinadari mai tsami da ya zama tushen bekin foda ta Amurka.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Bekin soda in ta haɗu da tsami a cikin danshi sai ta saki iska, iskar ta maƙale a kwaɓi ta ɗaga shi. A gidajen gona tsamin yakan fito daga nonon da ya rage bayan an kaɗa an kwashe mai, irin wanda matan Fulani ke talla. Yau galibin abin da ake sayarwa a kantunan Amurka a matsayin irin wannan nono madara ce da aka tsamar a masana'anta, amma aikinta ɗaya. Bekin foda kuwa soda ce da busasshen tsami a haɗe. Irin da aka fi sayarwa yanzu sau biyu take tashi, ɗaya in ta jiƙa, ɗaya in ta ji zafi. Don haka da zarar nono ya taɓa gari, aiki ya fara, babu sauran tsayawa hira.

Sai zancen fulawa, wanda masu sana'ar ba sa wasa da shi. A cikin alkama akwai furotin da in ya jiƙa aka kuma murza shi sai ya zama danƙo. Mai burodi danƙon yake nema, shi ya sa yake buga kwaɓinsa sosai. Mai biskit gudunsa take yi. Alkamar da aka saba nomawa a kudu mai laushi ce, furotin ɗinta kaɗan, kuma daga irinta ake niƙa White Lily, fulawar da aka fara yi a Knoxville ta jihar Tennessee a 1883. Furotin ɗinta yana wajen kashi 9 cikin ɗari, na fulawar burodi kuwa yakan kai 12 zuwa 14. Da aka rufe tsohon injin Knoxville a 2008 aka mayar da niƙan wasu jihohi, masu biskit da dama sun yi ta ƙorafin cewa garin ya canza a hannunsu. Martha White ta Nashville, wadda ta faro a 1899, ita ma tana da nata magoya bayan da ba sa taɓa wata.

Edna Lewis, wadda aka haifa a 1916 a Freetown ta Virginia, ƙauyen da 'yantattun bayi suka kafa har da kakanta, ta ƙara wani mataki. Ita bekin foda ta kanti tana bar mata ɗanɗanon ƙarfe a harshe, don haka da kanta take haɗa tata: kashi biyu na wani farin gari mai tsami da ake samu daga inabi, kashi ɗaya na soda. Littafinta The Taste of Country Cooking na 1976, wanda ta tsara bisa lokutan shekara, yana cikin abin da ya dawo wa girkin kudu da martabarsa. Ta rasu a 2006.

Hannu cikin gari

Hanya iri biyu ake bi. Tsohuwar hanya ba ta da awo. Akwai ƙaton akushin katako da fulawa ba ta ƙarewa a cikinsa. Tsohuwa za ta haƙa rami a tsakiyar garin da dunƙulen hannu, ta jefa kitse gwargwadon ƙwan kaza, ta tsiyaya nono a kai. Yatsunta ne kaɗai ke aiki, suna zagayawa a hankali, suna murje kitsen cikin nonon, suna jawo gari daga gefen ramin kaɗan-kaɗan. Kwaɓin na haɗe kansa ta tsaya. Sauran garin ya rage a bushe, za a tankaɗe shi a rufe sai gobe. Sai ta gutsuro, ta mulmula a tafin hannu sau biyu ko uku, ta jera a kaskon ƙarfe suna taɓa juna, ta danna kowanne da bayan yatsu. Ko bayan sun gasu shatin yatsun yana nan a samansu. Manyan da ake yi ta wannan hanya su ne ake wa laƙabi da kan kyanwa, saboda girmansu.

Hanya ta biyu ta masu son hawa-hawa ce, kuma ita ke da awo. Fulawa kofi biyu, wato wajen giram 250, bekin foda babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali, bota giram 85, nono kashi uku cikin huɗu na kofi. Sharaɗin farko sanyi. Botar daga firji take fitowa ko ma daga firiza, a yayyanka ƙanana ko a goga ta a magogi, a murje ta cikin gari da kan yatsu da sauri, a bar guntaye girman ƙwayar wake. Dalili shi ne bota tana ɗauke da ruwa, kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinta. In guntun bota ya shiga wuta da sanyinsa, ruwan yakan zama tururi ya buɗa kwaɓin, ya bar ɗan sarari. In ta narke tun a hannu, garin ya shanye ta, sai a sami biskit mai nauyi da maiƙo.

Ana zuba nono a juya da cokali sau 'yan kaɗan, a tsaya tun kwaɓin bai yi kyan gani ba, yana yage-yage yana manne wa yatsa. A nan ɗan koyo ke faɗuwa, domin ido yana gaya masa aiki bai ƙare ba. A juye a kan tebur mai barbaɗen gari, a daddanna da tafin hannu, a ninke gida uku, a juya, a sake daddannawa a ninke, sau uku ko huɗu. Kowane ninki yana ƙara hawa. A bar kaurinsa ya kai inci ɗaya. Wajen yanka, a tsoma bakin mayankin cikin gari, a danna shi kai tsaye a ɗago kai tsaye. In aka murɗa shi, gefen biskit ɗin ya liƙe, zai tashi a karkace ko ya ƙi tashi. A jera su kafaɗa da kafaɗa don su tallafi juna su yi sama. Obin ya riga ya yi zafi sosai, digiri 220 zuwa 230 a ma'aunin Salsiyos, minti 12 zuwa 15. Suna fitowa a shafa musu narkakkiyar bota. Ragowar yankan akan haɗa a sake yankawa, amma mai sana'a ta san na biyu ba ya kai na farko, shi ake ba yaran da ke zagaye da kicin.

Akwai wani iri da ake haɗa masa yis da soda da bekin foda gaba ɗaya. Ana ce masa biskit ɗin mala'iku don rashin nauyinsa, wasu kuma na amarya, wai ko sabuwar shiga ba za ta ji kunya da shi ba.

Ɗanɗanon kaka

Daga Satumba zuwa Disamba ne masu biskit ke fito da gwanintarsu ta ƙarin ɗanɗano. Kaka ce, an girbe kabewa da dankali da tuffa, sanyi ya fara shigowa, ga Thanksgiving, ga Kirsimeti a bayansa. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ranar godiya ta ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisa kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba a 1941. Kabewa tsohuwar shuka ce a nahiyar, mutanen asali na ƙasar sun noma ta tare da masara da wake tun kafin zuwan Turawa. A yau jihar Illinois ce kan gaba wajen nomanta, kuma a garin Morton kamfanin Libby's ke dafa ta yana zubawa a gwangwani. Kayan ƙamshinta sanannu ne: kirfa, citta, kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Kamfanin McCormick ya fara sayar da irin wannan haɗin tun 1934.

Zuba kabewa a kwaɓi ba a yin sa da ka. Niƙaƙƙiyar kabewa kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ce. Wadda ta zuba ta a kan cikakken awon nono za ta ga kwaɓi ya saki, ta ƙara gari, ta ƙara juyi, danƙo ya taso, biskit ya yi tauri. Gwanaye sukan bar kabewar ta maye gurbin yawancin nonon, su bar 'yan cokula kawai saboda tsamin da soda ke bukata. Wasu sukan tsane kabewar a tsumma, ko su ɗora ta a wuta ruwanta ya ragu, su bari ta yi sanyi ƙalau kafin ta kusanci bota. Kayan ƙamshi kuma da ƙaramin cokali ake shiga da su. Biskit ɗin da za a ci da romon talotalo, in kanumfari ya yi masa yawa, ya tashi daga abincin dare ya koma kayan shayi.

Dankali mai zaƙi, wanda muke kira dankalin Hausa, ya fi kabewa daɗewa a biskit ɗin kudu. Irin nasu jan ciki ne, kuma North Carolina ce ta fi kowace jiha nomansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da alkama ta yi ƙaranci, George Washington Carver na makarantar Tuskegee a Alabama ya yi ta koya wa mutane yadda za su cakuɗa dankali da fulawa don gari ya auku. Masu sana'a sun fi son gasa shi da ɓawonsa a kan dafa shi a ruwa, domin gashi yana ƙafar da ruwansa ya fito da zaƙinsa. Wannan zaƙi yana sa saman biskit ya yi saurin ja, don haka akan ɗan sassauta wuta, a kuma sa ido.

Ɓangaren gishiri ma yana da nasa. Cuku irin na Cheddar, a goge shi da sanyinsa a barbaɗa cikin busasshen gari kafin nono ya shiga, tare da lawashi ko tafarnuwa ko baƙin barkono. Gidajen abinci na Red Lobster sun yi suna da irin wannan tun farkon shekarun 1990, har mata suka riƙa kwaikwayonsa a gida. Nasu ba a murzawa ba a yankawa, da cokali ake ɗiba a ɗiga a faranti. Don teburin biki kuma akan yayyanka ganyen sej ko rozmeri, ganyayen da ake sa wa talotalon kansa, don ƙamshin ya zo ɗaya. Ƙa'idar duka ɗaya ce: abu busasshe ya shiga cikin gari, abu mai ruwa a cire kwatankwacinsa daga nono, kuma kada ƙarin ya jawo ƙarin juyi.

Washegarin biki, ragowar biskit akan ɓare shi a cusa yankan talotalo da miyar wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake kira kiranberi. Sauran safiyoyin kaka kuwa da abin zaƙi ake cin sa: zuma da aka buga da bota, tuffa da aka dafa har ta yi kauri ta yi duhu, ko ruwan takanda. Takanda dangin dawa ce, dawa kuwa asalinta Afirka. Irin takandar ya shiga Amurka a shekarun 1850, ya bazu lokacin yaƙin basasa da sukari ya yi wuya. Har yanzu a tsaunukan Kentucky da Tennessee, a watannin Satumba da Oktoba, akwai masu matse karan da injin da alfadari ke juyawa, su dafa ruwan a dogon kasko suna kwashe kumfa, kamar dai masu mazarƙwaila na ƙasar Zazzau. Galan takwas zuwa goma na ruwan kara ke ba da galan ɗaya. A tebur akan tsiyaya shi a faranti, a murje bota a ciki da cokali mai yatsu, a dangwala da biskit mai zafi.

Mai karatu Musulmi ya kamata ya san cewa kitsen da tsoffin masu biskit na kudu suka saba da shi na alade ne, haka ma naman da ke cikin farar miyar da ake zuba wa biskit da safe a gidajen abinci da yawa. Wanda ya je ƙasar sai ya tambaya kafin ya ci. Biskit ɗin kansa bai dogara da wannan kitse ba. Bota tana yi, haka ma daskararren man tsirrai irin Crisco, wanda ya fito kasuwa a 1911, kuma galibin masu ƙarin ɗanɗano na yau bota suke sa wa.

Daga kicin zuwa kasuwa

Masana'antu sun daɗe suna neman raba biskit da hannu. A 1931 General Mills ya fito da Bisquick, gari mai haɗe da mai da gishiri da garin tashi, madara kawai za a zuba. A shekarar ce kuma Lively Willoughby na Louisville ya sami rajistar ɗanyen biskit da ake ajiyewa a firji cikin dogon kwalin takarda, wanda daga baya ya koma hannun Pillsbury. Sun sauƙaƙa wa miliyoyin gidaje karin kumallo, amma ba su kashe sana'ar ba. Gidajen abinci irin su Hardee's da Bojangles da Biscuitville sun gina kasuwarsu ne a kan cewa mutum ne ke kwaɓa musu biskit a shagon, yana zuwa aiki tun kafin asuba, yana fitar da sabon faranti a kai a kai. A Loveless Cafe da ke Nashville, wanda Lon da Annie Loveless suka buɗe a 1951, Carol Fay Ellison ta fara da wanke-wanke tana yarinya, ta zama mai riƙe da sirrin biskit ɗin gidan har ta rasu a 2010. A Charleston, Carrie Morey ta ɗauki haɗin mahaifiyarta a 2005 ta fara sayarwa ta hanyar aikawa, har ya kai ta ga buɗe shaguna.

Ga mai yi a gida, jihohin Amurka suna da dokokin da suka ba mutum damar sayar da abin da ya gasa a kicin ɗinsa. New Jersey ce ta ƙarshe da ta amince, a 2021. Sharuɗɗan sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma galibi abincin da ba ya bukatar firji ake yarda da shi, kuma sai an manna takarda mai bayyana kayan haɗi. Kasuwannin manoma na ƙarshen mako su ne wurin baje koli, makon Thanksgiving kuma shi ne kakar masu sana'ar. Wahalar ita ce biskit ba ya son kwana. Mafitar da suka samu firiza ce: a kwaɓa, a yanka, a daskarar da shi ɗanye, mai saye ya kai gida ya jefa a obin ba tare da ya bari ya saki ba, ya ƙara 'yan mintuna a kan lokacin gashi. Ta haka mace ɗaya ke iya karɓar odar gidaje da yawa, kowa kuma ya ci nasa da zafi.

Uwargidan da ke sha'awar gwadawa a nan gida, kabewa da dankalin Hausa da nono da citta da kanumfari duk suna kasuwa. Abu biyu za ki yi fama da su. Na farko, in fulawarki mai ƙarfi ce irin ta burodi, ki cire babban cokali biyu daga kowane kofi ki mayar da sitacin masara, ki tankaɗe su tare. Na biyu zafin gari: ki daskarar da botarki, ki sanyaya nono da kwano, ki yi aikin da sassafe, in so samu ne a cikin hunturu. In da tukunya da yashi kike gashi, ki bari ta ɗau zafi sosai kafin ki sa faranti. Ki fara da na asali marar ƙari har hannunki ya faɗa, sannan ki shigo da kabewa. Kuma duk lokacin da zuciyarki ta ce ki ƙara juyi ɗaya don kwaɓin ya yi santsi, ki ajiye cokalin.